Rauta ɗaya, na'urar ƙara nisa ko tsarin raga: yadda za a zaɓi Wi-Fi na gida a kuma tsare shi

Mai gidan da ya ƙudiri aniyar shimfiɗa Wi-Fi, ko gyara wanda yake da shi, yakan sami kansa a gaban hanyoyi da dama. Ko dai ya wadatu da akwatin da kamfanin intanet ya kafa masa, ko ya sayi rauta tasa ta kansa, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, ko ya ƙara wa wadda ke akwai ƙaramar na'urar da ke maimaita sigina, ko kuma ya koma ga tsarin raga, wato na'urori biyu ko uku da ke aiki tare a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kuma wata hanyar da ba a cika tallata ta ba, ta jan kebul daga rauta zuwa wata na'urar watsa sigina a ɗaya ɓangaren gidan, kuma a ganina ita ta fi sauran inganci a duk inda ta yiwu. Abubuwa biyu ne ke raba gardama a tsakaninsu: irin ginin gidan, da tsawon lokacin da kamfanin da ya ƙera na'urar zai ci gaba da gyara manhajar da ke cikinta.

Lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ke fara ruɗin mai saye, don haka gara a fara da ita. Idan aka rubuta AC1200, an haɗa megabit 300 a sakan guda na zangon gigahaz 2.4 (zango shi ne yankin mitar rediyo da rauta ke watsa sigina a kansa) da megabit 867 na zangon gigahaz 5 ne, aka kuma cike lissafin. Haka AX3000 take, jimlar 574 da 2402 ce. Wayar hannu ko kwamfuta kuwa zango ɗaya take hawa a lokaci guda, in ban da sababbin na'urori masu Wi-Fi 7 da ke iya haɗa zanguna, saboda haka ba za ta taɓa ganin wannan jimlar ba. Ko a zangon da ta hau ma, abin da ke isa gare ta a aikace yakan gaza lambar da aka rubuta sosai, domin wani kaso na lokacin yana tafiya ne wajen jiran layi da tabbatar da isar saƙo. Sama da duka, gudun da aka yi yarjejeniya da kamfanin intanet shi ne rufin da babu rautar da za ta wuce shi. Wanda layinsa ke kawo megabit 50 ba zai ƙaru da komai wajen sauke bidiyo ba don ya sayi rauta mai lambar dubu biyar. Abin da ya fi lambar kwali muhimmanci shi ne a duba ramukan kebul da ke bayan na'urar, domin har yanzu ana sayar da rautoci masu AC1200 waɗanda ramukansu ba su wuce megabit 100 ba, kuma irin waɗannan suna shaƙe layi mai sauri tun daga ƙofa.

Game da zamani, Wi-Fi 4 na 2009 ya tsufa, Wi-Fi 5 na 2013 yana nan da sauran amfani, Wi-Fi 6 da aka fara ba da shaidarsa a 2019 kuwa shi ne matsakaicin da ya dace da yawancin gidaje. Fifikonsa ya fi bayyana idan na'urori sun yi yawa a kan rauta ɗaya, domin yana iya raba tasha guda ga na'urori da dama a lokaci ɗaya. Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7, wanda aka fara ba da shaidarsa a farkon 2024, suna buɗe zango na uku, na gigahaz 6, amma sai wayar da kwamfutar su ma sun iya hawa shi, kuma sai hukumar sadarwa ta ƙasar ta halatta amfani da shi.

Bambancin zangunan shi ne ginshiƙin zaɓin gaba ɗaya. Zangon 2.4 yana tafiya nesa, yana kuma ratsa bango fiye da sauran, amma cunkoso ya yi masa yawa: tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa shiga juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, ga shi kuma na'urorin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke aiki, ban da rautocin maƙwabta. Zangon 5 yana da tashoshi masu yawa da faɗi, shi ya sa ya fi sauri, sai dai bango biyu na bulo sun isa su raunana shi ƙwarai. Zangon 6 ya fi kowa sarari, ya kuma fi kowa gajeren ƙafa. Kankaren da aka zuba da rodi, musamman wanda ke tsakanin hawa da hawa a gidan bene, da ƙofar ƙarfe, da babban madubi, da tankin ruwa, duk suna cinye sigina, alhali katako da allon rufi ba sa tare shi sosai. Akwai wani abu kuma da masu tallan rauta mai eriya takwas ba sa faɗa: sadarwar ta ɓangare biyu ce. Ko da rautar ta yi ƙarfin da za ta isar da sigina ɗaki na ƙarshe, ita wayar hannu da 'yar ƙaramar eriyarta dole ta mayar da amsa, kuma amsar ce ke kasa ƙetare bangon. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ga sanduna uku na sigina a wayarsa amma shafi ya ƙi buɗuwa.

Saboda haka, kafin a sayi komai, ya kamata a gwada sauya wa rautar da ke akwai wuri. A fitar da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta a sama, a tsakiyar gidan gwargwadon iko, sannan a zaga ɗaki-ɗaki da wayar da aka sa wa manhajar auna sigina. Lambar tana fitowa da alamar ragi a gabanta, kuma lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau: a kusa da rauta za a ga wajen -40 ko -50, a kan -67 kiran bidiyo yana tafiya lafiya, idan ta gangara zuwa -80 kuwa haɗin ya zama na jeka-na-yi-ka. Sakamakon wannan zagayen shi zai nuna ko matsalar ta ɗaki ɗaya ce ko ta rabin gida.

Idan ko'ina ya samu sigina mai kyau, rauta ɗaya ta wadatar, sai tambayar ta koma tsakanin akwatin kamfani da rautar da mutum ya saya da kansa. Akwatin kamfani yana da sauƙi, an riga an saita shi, idan ya lalace akwai wanda za a kira, kuma kamfanoni da yawa suna sabunta manhajarsa daga nesa ba tare da mai gida ya ɗaga yatsa ba. Rauninsa shi ne sau da yawa an rufe wasu saitunan, eriyarsa matsakaiciya ce, kuma mai gida ba shi da ta cewa kan ranar da za a daina kula da shi. Rautar kai tana ba da iko cikakke, amma tana ɗora wa mai ita alhakin sabuntawa. Wanda ya haɗa biyun, ya jona tasa a bayan akwatin kamfani, ya kamata ya kashe Wi-Fi na akwatin, ya kuma mayar da shi gada kawai, wato ya riƙa miƙa intanet ga rautar ba tare da rarraba adireshi ba, idan saitinsa ya yarda, domin na'urori biyu da ke rarraba adireshi a jere suna kawo cikas ga wasannin intanet da wasu kyamarori.

Na'urar ƙara nisa ita ce mafi arha, ita ce kuma ta fi jawo da-na-sani. Aikinta kamar na mutumin da ya tsaya tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna ne: sai ya saurari wannan ya gama kafin ya faɗa wa wancan. Idan rediyo ɗaya take amfani da shi wajen karɓa da aikawa, gudun da ke isa ga mai amfani yakan ragu da kusan rabi, jinkiri kuma ya ƙaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ta cikin ɗakin da babu sigina, alhali ba za ta iya maimaita abin da ba ta ji da kyau ba; wurinta shi ne tsakiyar tazarar, inda siginar rautar ke da sauran ƙarfi. Yawancinsu kuma suna buɗe layi da wani suna daban, sai waya ta manne wa na nesa ko da mutum ya dawo kusa da rautar. Duk da haka tana da ranarta: idan ɗaki ɗaya ne kawai ya gaza, kuma buƙatar ba ta wuce saƙonni da karanta labarai ba, babu dalilin kashe kuɗi fiye da haka.

Tsarin raga ya zo ne don magance waɗannan kurakurai. Na'urorinsa suna da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, suna kuma taimaka wa waya ta sauya daga wannan zuwa waccan yayin da mutum ke tafiya cikin gida, ko da yake wayar ce ke yanke hukuncin ƙarshe, shi ya sa wasu tsofaffin wayoyi ke ci gaba da taurin kai. Ingancinsa ya dogara ne kacokan kan yadda na'urorin ke magana da junansu. Mai zango biyu yana raba rediyo ɗaya tsakanin hidimar wayoyi da isar da saƙo ga 'yar uwarta, don haka yana ɗauke da wani ɓangare na ciwon na'urar ƙara nisa. Mai rediyo uku yana ware ɗaya domin wannan aikin, ya fi sauri, ya kuma fi tsada. A ginin da ke da kankare mai kauri, duka biyun suna wahala, domin bangon da ya hana waya jin rauta shi zai hana na'urar raga jin 'yar uwarta. Sai kuma a lura cewa da yawa daga cikinsu ba a saita su sai da manhajar waya da asusu a wurin kamfanin, abin da ke nufin tsaron gidan ya rataya a kan tsaron wannan asusun, kuma wasu kamfanonin suna ajiye wasu hidimomi, kamar sa ido kan abin da yara ke kallo, ga mai biyan kuɗin wata. Na'urorin kamfanoni daban-daban ba su cika aiki tare ba, in ba masu bin ƙa'idar EasyMesh da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2018 ba.

Kebul yana warware duk wannan cikin sauƙi. Nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit guda har tsawon mita 100, ba ruwansa da bango ko rautar maƙwabci, kuma na'urar da aka jona a ƙarshensa tana ba da dukan rediyonta ga wayoyi. Yawancin na'urorin raga suna karɓar kebul a tsakaninsu, don haka ana iya haɗa amfanin biyun. Wahalarsa ta rana ɗaya ce, ta huda bango da ɓoye kebul, shi ya sa wanda ke kan gini ya kamata ya bi da shi tun kafin a yi filasta, ɗan haya kuwa sai ya nemi izini. Akwai na'urorin da ke bi da intanet ta wayoyin lantarkin gida, amma sakamakonsu ya danganta da yadda aka yi wayarin, kuma suna rasa ƙarfi idan aka jona su ta soket mai kariya daga hauhawar wuta. A saye su kawai inda za a iya mayarwa idan ba su yi ba.

A ɓangaren tsaro, zaɓi na farko yana cikin wani ɗan jeri na hanyoyin kulle layin Wi-Fi a shafin saitin rauta. WEP, wanda ya zo da ƙa'idar farko ta 1997, an karya shi tun 2001, kuma yau ana buɗe shi cikin mintoci. WPA na 2003 faci ne na wucin gadi, kuma zaɓensa tare da TKIP, tsohon salonsa na rufe bayanai, yana mayar da gudun sababbin na'urori zuwa megabit 54. Gasar gaskiya tana tsakanin WPA2 na 2004 da WPA3 na 2018.

WPA2 tare da AES, salon rufewar da ya maye gurbin TKIP, har yanzu yana rufe bayanai da kyau, rauninsa yana wurin gaisuwar da waya da rauta ke yi a lokacin haɗuwa. Mai kutsen da ke kusa zai iya naɗar wannan musayar daga iska, zai ma iya korar wayar daga layin da saƙon bogi don ta sake haɗuwa a kan idonsa, sannan ya tafi da abin da ya naɗa ya sa kwamfuta ta riƙa gwada kalmomi ba dare ba rana, ba tare da rautar ta san ana yi ba. A nan tsawon kalmar sirri ne kaɗai kariya. Ƙa'idar ta yarda da haruffa 8 zuwa 63, kuma lambar waya ko ranar haihuwa ko sunan ɗa da shekara suna faɗuwa da wuri, alhali kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a jere, sun fi ƙarfin irin wannan gwajin. WPA3 ya sauya salon gaisuwar ta yadda kowane gwaji ɗaya sai an tuntuɓi rautar kai tsaye, don haka naɗar musayar ba ta da amfani, kuma ko da an gano kalmar sirri daga baya ba za a iya buɗe bayanan da aka naɗa a baya ba. Ya kuma wajabta kariya daga saƙon bogin nan na kora. Ba a ce ba shi da aibi ba: Mathy Vanhoef, mai binciken da ya bankaɗo raunin KRACK a WPA2 a 2017, shi ne kuma tare da Eyal Ronen suka nuna raunin Dragonblood a WPA3 a 2019. Duka biyun da sabunta manhaja aka toshe su, wato na'urar da aka daina sabuntawa ta ci gaba da zama da ramukan a buɗe ko WPA2 aka zaɓa ko WPA3.

Matsalar WPA3 a gida ita ce tsofaffin kaya. Firinta, kyamarar tsaro, soket mai haɗuwa da intanet da tsohuwar talabijin sau da yawa WPA2 kawai suka sani, a zangon 2.4 kawai. Rautoci suna ba da saitin gauraye mai karɓar duka biyun, kuma yana da amfani, amma tun da kalmar sirrin ɗaya ce, mai kutse zai bi ta ƙofar WPA2 ya same ta. Abin da ya fi shi ne a raba layi biyu: babban layi da WPA3 domin wayoyi da kwamfutoci, sai layi na biyu da WPA2 da wata kalmar sirri daban domin ƙananan na'urori da baƙi. Layin baƙi da ke cikin yawancin rautoci yana yin wannan aikin, muddin an kunna saitin da ke hana masu hawansa ganin sauran na'urorin gida. Farashin wannan rabuwar shi ne wani lokaci waya za ta kasa ganin firinta ko talabijin da ke ɗaya layin, sai a yanke shawarar wace na'ura ce ta cancanci shiga babban layi. A zangon gigahaz 6 babu wannan zaɓin ma, domin ba a yarda da WPA2 a can ba.

Akwai wani saiti da ke iya rusa duk wannan ƙoƙarin, wato WPS, wanda aka ƙirƙira don a haɗa na'ura da lamba mai alƙaluma takwas maimakon kalmar sirri. A 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rautar tana duba lambar ne gida biyu, tana kuma sanar da mai gwaji idan rabin farko ya yi daidai. Rabin farko alƙaluma huɗu ne, gwaji 10,000 ke nan. A rabi na biyu alƙalami na ƙarshe lissafi ne da ake fitarwa daga sauran, saura uku, gwaji 1,000. Maimakon miliyoyi, gwaji 11,000 ya isa, kuma da zarar an dace rautar da kanta take miƙa kalmar sirrin, komai tsawonta. Sababbin rautoci suna kulle kansu bayan 'yan kurakurai, amma kashe WPS gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Kalmar sirri ta biyu, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba, ita ce ta shiga shafin saitin. A juya rautar a duba takardar da ke manne a ƙasanta: za a ga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, da sunan shiga, da kalmar da a tsofaffin na'urori ba ta wuce admin ba. Wanda ya shiga wannan shafin zai iya sauya inda ake tura buƙatun gidan, ya kai mutum shafin banki na bogi alhali adireshin da ya rubuta daidai ne. Manhajar Mirai, wadda a watan Oktoba na 2016 aka yi amfani da ita wajen kai wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, hari har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka katse wa mutane da yawa, ba da wata dabara mai zurfi ta mamaye rautoci da kyamarori ba. Jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 kawai take gwadawa. A 2018 kuma masu binciken kamfanin Cisco suka bayyana wata manhajar ɓarna mai suna VPNFilter, wadda ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. Saboda haka a sauya wannan kalmar a ranar farko, ta bambanta da ta Wi-Fi, a kashe damar shiga saitin daga wajen gida, a kuma kashe UPnP idan babu na'urar wasa da ke buƙatarsa, domin yana barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet ba tare da tambaya ba. Ɓoye sunan layi da tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke ɗauke da ita, kuwa ba su cancanci wahalar ba: sunan yana bayyana da zarar wata waya ta haɗu, lambar kuma ana kwaikwayonta cikin sauƙi.

Sabuntawa ita ce inda na'urori masu kama da juna a kwali suke rabuwa nesa. Wata rautar tana sauke gyara da kanta da dare, wata sai mai ita ya shiga shafin kamfani ya sauko da fayil, wata kuma an daina yi mata gyara tun tana kan kantar mai sayarwa. Kafin a biya kuɗi, a nemi lambar samfurin a shafin kamfanin, a duba ranar gyara na ƙarshe, a kuma duba ko tana cikin jerin waɗanda aka daina tallafa wa. Birtaniya ta mayar da wannan doka tun watan Afrilu na 2024, inda ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma wajabta wa masu ƙerawa bayyana tsawon lokacin da za su ci gaba da gyara, kuma wannan bayanin yana amfanar mai saye a ko'ina idan samfurin ɗaya ne. A wannan fannin tsarin raga yakan yi gaba, domin yawancinsu da kansu suke sabuntawa, na'urar ƙara nisa kuma takan zo ƙarshe, domin da wuya wani ya tuna da ita bayan an soka ta a bango. Mai tsohuwar rauta da kamfani ya yi watsi da ita, idan yana da ɗan sani da haƙuri, zai iya ɗora mata OpenWrt, manhajar da masu sa kai ke kula da ita tun 2004, bayan ya tabbatar samfurinsa yana cikin jerin waɗanda take aiki a kansu, domin ɗora fayil ɗin da bai dace ba yana iya kashe na'urar. Wanda ba zai iya wannan ba, canza rautar ya fi masa, kuma kafin ya bayar da tsohuwar ko ya yar da ita ya danne ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta na wasu sakanni har fitilun su ɗauke, don a goge sunan layinsa da kalmomin sirrin da ke ciki.